Waƙa Ta Isa Kunne, Kai Kuwa a Buɗe: 'Yan Babur da Bluetooth a Birnin Katsina

Da hantsi, ka samu inuwa a bakin titi kusa da Ƙofar Ƙaura ka ba kanka minti goma kana kallon masu babura. Kada ka dubi fuskokinsu, kunnuwansu za ka duba. Wannan ya wuce da ɗan farin abu maƙale a kunnen dama, kamar ƙwayar gyaɗa mai jela. Wancan igiyar iyafis ce ta ɓullo daga wuyan rigarsa ta rabu biyu. Na bayansa bai sa komai a kunne ba, amma tun kafin ka gan shi ka ji shi, domin ya ɗaure 'yar MP a kan mashin da tsohuwar roba, muryar Hamisu Breaker na tashi har tsallaken titi. In ka gama da kunnuwa, ka koma ƙirga kawunan da ke cikin hular kwano. Yatsun hannu ɗaya sun ishe ka, wata ran har da saura.

Ni kaina na taɓa ɗanɗana abin. Wata rana da la'asar na tari ɗan acaɓa daga Ƙofar Ƙwaya zan je Babbar Kasuwa. Matashi ne, da ƙyar in ya kai ashirin da biyar, mai ladabi, har da rusunawa da muka gaisa. Ya zare abin kunnensa guda muka yi ciniki, ina hawa ya mayar. Ba mu yi nisa ba na ji hon ɗin tifa a bayanmu, irin mai kaɗa hanjin nan. Na waiga, ga ta ta cika titi, shaƙe da yashi, direban sai walƙa fitila yake yi. Yaron nan kuwa yana tsakiyar hanya abinsa, kai na ɗan rausayawa, ɗan yatsa na buga kiɗa a hannun burki. Na ce, "Samari, ba shi hanya." Shiru. Na ɗaga murya. Shiru. Sai da na dafa kafaɗarsa na girgiza sannan ya zabura ya karkata gefe, tifar ta wuce iskarta na kaɗa mana riguna. A lokacin ne idona ya faɗa kan mashin ɗin. Babu madubi ko ɗaya, sai ramukan da ake ɗaura su, ƙura ta cike su. Da muka isa ya yi ta ba ni haƙuri, ni kuwa faɗan da na shirya ya maƙale mini, saboda na ga hannunsa na rawa lokacin da yake miƙo mini canji.

Ba na cikin masu cewa a raba ɗan acaɓa da waƙarsa. Wanda ya fito tun asubahi, ya yini cikin ranar Katsina da takan haura digiri 40 a watan Afrilu, ga kuɗin balas da mai mashin ke jira da dare, ga cefanen gida, ga man fetur da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan mutum yana da haƙƙin ya samu abin da zai ɗebe masa kewa. Kuma ba waƙar soyayya kaɗai ce a cikin memorin nan ba. In ka leƙa wajen masu tura waƙa a shagunan waya na titin IBB, za ka ji abin da ake nema: a zuba mini Rarara, a ƙara mini Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa, a sa mini tafsirin Malam Ja'afar, a haɗa da karatun Alaramma Ahmad Sulaiman, musamman in azumi ya gabato. Wani littattafan Hausa da ake karantawa da murya yake bi, babi bayan babi. Wani labaran safe na BBC ko shirye-shiryen Companion FM. Dattawan cikinsu kuwa har gobe Shata ne, ɗan Musawa, wanda ya rasu tun 1999 amma bai sauka daga kan titi ba. Dama shi ya waƙe direbobi da yawa, kuma tun zamanin kaset mai tuƙi da kiɗa abokan tafiya ne a ƙasar nan.

Akwai kuma maganar sana'a. Ɗan acaɓan yau rabin aikinsa ta waya yake zuwa. Uwar gida za ta kira a ɗauko mata yara daga Islamiyya, mai shago zai kira a kai saƙo Ƙofar Marusa, ɗalibi a hanyar Dutsin-ma zai kira a zo a kai shi jami'a. Kiran da ya wuce ba a ɗaga ba, kuɗi ne ya wuce. Da can sai ka ga mutum ya maƙale waya tsakanin kafaɗa da kunne, ko ya tura ta ƙarƙashin hula, yana tuƙi da wuya a karkace. Ga fargabar masu ƙwacen waya, wadda duk ɗan birnin nan ya san da ita. Saboda haka abin kunne marar igiya ya zo wa mutane a daidai: waya na can ƙasan aljihu, hannu biyu na kan mashin. Wannan ci gaba ne, ba na musu.

Abin da muke kira bulutut ɗin nan, kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne ya fara aikinsa a 1994, a 1998 kuma ya haɗa kai da Nokia da IBM da Intel da Toshiba suka mayar da shi yare guda da na'urori za su riƙa magana da juna. Sunan ma laƙabin wani sarkin Denmak ne na ƙarni na 10, Harald, wanda ya haɗa kan ƙabilun ƙasarsa. Ƙaramin gidan rediyo ne a cikin wayarka, zangonsa a yawancin na'urori bai wuce mita goma ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ba hanya ɗaya sauti ke bi ba. Kiɗa na da tasa hanya mai faɗi, ana ce mata A2DP. Kira na da tasa, siririya, mai suna HFP, wadda aka yi don muryar mutum kawai. Akwai ta uku, AVRCP, ita ke ɗaukar umurnin tsayar da waƙa ko tsallakawa gaba. Shi ya sa in kira ya shigo waƙa take yankewa, kuma in na'ura ta maƙale a hanyar kira sai ka ji kiɗan ya koma kamar daga cikin gwangwani yake fitowa. Sau da yawa mutum zai ɗauka abin ya lalace ya je ya sayi sabo, alhali kashewa da sake haɗawa ne maganin.

A ƙasashen da hawa babur ba ya yiwuwa sai da hular kwano, cikin hular aka kai waƙar. Kamfanoni irin su Cardo da Sena sun yi suna da wannan sana'a. Yadda abin yake, sifika ce guda biyu, falle-falle, faɗinsu kamar murfin ƙaramin gwangwani, ana manna su a guraben da aka bari daidai kunne a cikin hular. Makirfo na zaune gaban baki da ɗan soso mai tare iska. Ita kuwa uwar na'urar, mai batir da maɓallai, a gefen hagu na hular ake maƙala ta, don hannun dama shi ke riƙe da totur da burkin gaba, bai kamata ya bar wurinsa ba. Haɗa ta da waya ba wuya. Ka danne maɓalli har fitilar ta fara walƙiyar ja da shuɗi, ka buɗe Bluetooth a waya, ka taɓa sunanta in ya fito. Daga ranar, da ka kunna za su gane juna.

Rikicin yana farawa ne in babur ɗin ma yana da bakin magana. Manyan babura na zamani, irin na BMW da Harley-Davidson da Honda Gold Wing, suna zuwa da allo a gaba mai nuna sunan waƙa da taswira da mai kira. Gold Wing ta 2018 ita ce ta fara zuwa da Apple CarPlay a kan babur, kuma ba ta yarda ta buɗe shi sai an haɗa mata na'urar hula. A nan abubuwa uku ne ke neman juna, waya da babur da hula, kuma in kowa ya kama kowa sai a rasa mai faɗa a ji. Waƙa na nunawa a allo amma kunne shiru, ko a ji kira a rasa kiɗa. Masu irin waɗannan babura sun daɗe da gano bakin zaren: a goge duk tsohon haɗi a na'urorin uku, a haɗa waya da babur, a haɗa hula da babur, kada a bar waya ta kama hula kai tsaye. Babur ya zama dillali a tsakiya. Tsirarun samarin Katsina masu manyan baburan nan masu ƙugi, da kan fito ranar hutu su miƙi hanyar Kano ko Daura, su wannan magana ta shafa, kuma su ne ma ka fi gani da hula.

Sauran jama'a kuwa, masu Boksa da Jincheng da Haojue da Daylong, nasu allon mai wayarin ne na bakin titi. Na zauna a rumfar wani na ga yadda ake yi. An kwance murfin gefe, an jawo siraran wayoyi biyu daga batir, an bi da su ƙarƙashin tanki zuwa kan mashin, an ɗaura 'yar caja mai bakin USB, wani lokaci da sifika biyu masu fitilu kala-kala a inda madubi ya kamata ya zauna. Ya fere wayar da haƙori, ya murɗe, ya naɗe da baƙin salatif, cikin minti ashirin an gama. Kayan daga Farm Centre ta Kano ko Ikeja ta Legas suke zuwa, asalinsu kuma Sin, kamar yadda Tecno da Itel da Infinix da kayan Oraimo duk gida ɗaya suka fito, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen. Gwanintar masu wayarin ɗinmu abin yabo ce, amma abu biyu nake roƙon duk mai kai mashin ɗinsa ya tsaya a kansu. Na farko a sa fiyus kusa da batir, domin waya tsirara da ke goga ƙarfe a ƙarƙashin tankin fetur ba abin wasa ba ce. Na biyu a ɗauko wutar ta bayan makulli, yadda in an kashe mashin komai zai mutu. In aka ɗauko kai tsaye, cajar na tsotson ɗan ƙaramin batirin nan dare da rana, sai mutum ya wayi gari yana ta buga kik yana zagin mai sayar da batir. Masu ɗaure waya a kan mashin kuma su sani rana na cin batirinta, girgiza na cin kyamararta. Kamfanin Apple da kansa ya fitar da gargaɗi a 2021 cewa girgizar injin babur mai ƙarfi na iya lalata kyamarar iPhone.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne kunnen kansa. A titin Katsina da kunne ake tuƙi. Fasinja ba ya ɗaga allo, tsaki yake yi ko tafi, ko ya ce "acaɓa!" daga can tsallake. Mai kurkura in zai sha gabanka hon yake dannawa sau biyu. Mai mota in ya ga za ka shigo masa, hon. Almajirin da zai tsallaka, jiniyar motar asibiti, ƙarar burkin da ya ƙwace, ihun mutane in wani abu ya faru a gaba, duk ta kunne suke isowa kafin ido ya kai. Ga shi da yawa daga cikin samarinmu, ranar da suka fito da sabon mashin, ranar suke kwance madubi, wai yana tare hanya a cunkoso, wai kuma mashin ya fi kyau a haka. To wanda ya cire madubi, kunnensa ne madubinsa. In ya zo ya toshe shi da roba mai shiga har cikin rami, wadda aka ƙera musamman don ta hana ƙarar waje shiga, me ya rage masa na sanin abin da ke bayansa? Sababbin ma har da masu kashe ƙarar waje gaba ɗaya. An yi su ne don mai zaune cikin jirgin sama, ga su yau a kunnen mai ratsa shataletale da goyon mace da jariri.

Bambancin nan tsakanin abin da ke toshe kunne da abin da ke zaune a gefensa, wasu ƙasashe har doka suka gina a kansa. Faransa tun 1 ga Yuli, 2015 ta hana duk mai tuƙi, har da mai babur da mai keke, sa wani abu mai fitar da sauti a kunne, amma ta ƙyale na'urar da aka gina a cikin hular kwano. A jihar Kalifoniya ta Amurka, kunne ɗaya aka yarda, biyu laifi ne. A nan gida, jadawalin tarar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, a ƙarƙashin dokarta ta 2007, ya sa naira 4,000 ga mai amfani da waya yana tuƙi, naira 2,000 ga mai hawa babur ba hular kwano. Dokar tana nan a takarda. A kan titi kuwa, kowa ya ga yadda ake.

Sannan akwai ɓarnar da ba ta zubar da jini, shi ya sa ba a ganinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunne na iya jure sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ya kai 90, awa huɗu ne kacal a mako. Yanzu ka auna ɗan acaɓa. Injin na ƙara, iska na bugun kunne, salansar na kusa da shi a fashe take, shi kuma don ya ji waƙarsa a kan duk wannan sai ya ƙure maɓallin har ƙarshe, ya yini a haka. 'Yan ƙananan gasun da ke can cikin kunne, masu mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Alamar farko ita ce wannan ƙugin da mutum ke ji in ya kwanta da dare gari ya yi tsit. Ta biyu, ya riƙa cewa "na'am?" sau biyu kafin ya gane magana a cikin taro. Hukumar ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya ke cikin wannan haɗari. Nan da shekara ashirin ina tsoron mu tarar da dattawa masu yawa a majalisun unguwanni da ba sa jin kiran salla sai an taɓa su.

Mun ɗauki waƙar, mun bar hular da aka yi ta domin ta zauna a ciki. Tarihin hular kwano a Arewa kuwa sananne ne. Ranar 1 ga Janairu, 2009 FRSC ta fara tilasta sa ta a faɗin ƙasa. Cikin 'yan kwanaki labarin 'yan acaɓar Kano masu kifa ƙwarya a ka ya zagaye duniya. Wasu suka koma hular leburorin gini, wadda aka yi don tare faɗowar dutse daga sama, ba ta da abin da za ta yi wa wanda ya bugi kwalta da gefen kai. Fasinjoji suka ƙi sa wadda kowa ke sawa, wasu don ƙyanƙyamin ƙwarƙwata da makero, wasu don jita-jitar da ta bazu cewa ana asiri da ita. Aka yi ta kamawa na ɗan lokaci, abin ya bi ruwa. Daga baya maganar babur ta koma maganar tsaro. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. A Katsina, dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agustan 2021 ta hana zirga-zirgar babura a cikin birni daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, ta kuma hana goyon mutum uku. Hukuma ta damu da wanda babur zai ɗauko da abin da zai aikata, kuma tana da dalili. Kan mai tuƙin ne ba wanda ya koma ta kansa.

Uzurin da ake bayarwa ban raina shi ba. Akwai zafi, gaskiya ne. Akwai tsada. Akwai kuma hula, domin Bakatsine ya sha kaftani ya kafa zanna, ka ce ya cire ya kifa kwano, ka taɓa masa wani abu. Amma Biyetnam ma ƙasar zafi ce, babura sun fi namu yawa nesa ba kusa ba, kuma tun da dokarsu ta fara aiki ranar 15 ga Disamba, 2007 hular ta zauna, saboda an samar da marar nauyi mai shan iska a farashin talaka. A Kigali ta Ruwanda ɗan acaɓa da hula biyu yake yawo, tasa da ta fasinja. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kafa hujja da shi ya nuna hular kirki, in an ɗaure igiyarta, tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa a sashen haɗurra na kowane babban asibiti a jihar nan ba ya buƙatar alƙaluma. Ƙafa in ta karye ana ɗorawa. Kai in ya bugu, wani lokaci mutumin yana tashi amma ba shi ne ya dawo gida ba.

Tunanina shi ne, abin da tara da kame suka kasa, wataƙila son waƙa ya iya. Saurayin da bai taɓa tunanin sayen hula ba, shi ne yake tara kuɗi ya sayi abin kunne mai tsada, ya faɗi a titi mota ta taka, ya sake sayen wani. In aka kawo masa hula mai buɗaɗɗiyar fuska, mai ramukan iska, da sifika a ciki wadda ba ta faɗuwa, kira na shigowa ya amsa da taɓawa ɗaya, kunnensa kuma na jin titi, ina kyautata zaton zai so ta don kanta. Irin waɗannan na'urori masu araha suna nan a kasuwannin Sin, 'yan kasuwarmu da ke shigo da caja da iyafis ba abin da zai hana su shigo da su. Ƙungiyar 'yan acaɓa ta ACOMORAN na iya shiga tsakani a riƙa biya kaɗan-kaɗan kamar adashi, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, KASSAROTA, kuma ta fara da wayar da kai a tashoshi kafin maganar kamu. Sharaɗi ɗaya ne: kada a ƙwaƙule farin soson da ke cikin hular don a samar wa sifika wuri, domin shi ne hular. Ƙoƙon waje yana rarraba ƙarfin bugu ne, soson ke shanye shi.

Kafin a kai can, ni dai na sauya yadda nake hawa. In na tsayar da ɗan acaɓa nakan dubi kan mashin ko da madubi, in dubi kunnensa. In na ga biyun a toshe sai in ce, "Ɗan'uwa, taimaka ka cire na hagu." Na hagun nake zaɓa saboda tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, ta hagu mai shan gabanka yake zuwa. Har yau ban gamu da wanda ya ƙi ba. Kwanan baya wani mai furfura a gemu, da zai kai ni Ƙofar Soro, ya zare nasa ya goge a hannun riga ya miƙo mini ta kan kafaɗa, ya ce in ɗan taya shi ji. Kalangun Shata ne ke tashi a ciki, siriri, daga tafin hannuna ma ina jin sa. Na riƙe masa shi a haka muka ratsa cikin gari, da muka tsaya gaban fada na haɗa masa da kuɗinsa.